Na fesa ruwan khal da gishiri: alayyafo ya mutu, aya-aya tana nan daram

Maman 'Yan Biyu, Zariya

Assalamu alaikum. Don Allah masu lambu da malaman gona ku zo ku cece ni, na yi ɓarna da hannuna.

Ina da ɗan fili a bayan ɗakin girki, taku 12 a tsaye, 7 a kwance, da ƙafata na auna. Shekara uku ke nan ina shuka alayyafo da yakuwa da kuɓewa, da attaruhu gindi shida, sai zogale biyu a jikin katanga. Ba na sayarwa ba ne, na miyar gida ne, in ya yi yawa in aika wa maƙwabta. Abin da ya hana ni sakat shi ne aya-aya. In na nome ranar Asabar, kafin Laraba ta leƙo kore shar kamar ita na yi wa ban-ruwa. Ga bayana ba ya son sunkuyo tun haihuwar 'yan biyu, almajirin da ke taya ni kuma ya tafi gida aikin damina. Maigida ya ce a sayo maganin feshi a huta, na ce a'a. Yara a wurin suke wasa, kajina a wurin suke tono, ganyen kuma cikinmu zai shiga.

Ana cikin haka na ci karo da wani bidiyo a Facebook. Wata Baturiya ce 'yar Amurka, ta haɗa galan ɗaya na ruwan khal da kofi ɗaya na gishiri da cokali ɗaya na sabulun wanke-wanke, ta fesa wa ciyawar ƙofar gidanta da safe, aka nuno da yamma duk ta bushe ƙayau. Na ce yau Allah ya kawo ƙarshen aya-aya. Na sayo farin khal kusan lita 4, an rubuta kashi 5 cikin 100 a jikin robar. Kuɗin da na kashe, wallahi da ya saya mana alayyafon wata guda a kasuwa, amma wannan lissafin sai daga baya na yi shi. Gishiri kuwa gwangwanin madara biyu na zuba, har da tozo, wai ni mai wayo, tunda aya-ayar Zariya ta fi ciyawar Turawa taurin kai. Na tsiyaya Morning Fresh, na girgiza, na ari famfon feshi a maƙwabta.

Na fara da tsakar gida, tsakanin intalok, inda nonon kurciya da wasu 'yan ƙananan ciyayi suke fitowa. Sannan na shiga lambu na bi tsakanin kunya-kunya. Da na gama sai ragowa ta rage a gindin famfon, kamar lita guda. Na ga asara ce in zubar, sai na kwance murfin na tuttule ta a kusurwar da aya-ayar ta fi yawa, dab da fangalin alayyafo.

Kafin la'asar ciyawar intalok ta yi laushi ta kwanta, washegari ta koma ruwan ƙasa. Aya-ayar ma kawunanta suka ƙone. Har hoto na ɗauka na tura gurup ɗin gidanmu ina cika baki. Kwana biyu a tsakani sai na ga ganyen alayyafo ya yi ɗigo-ɗigo kamar an yarfa masa tafasasshen mai, attaruhu biyu na gefen kusurwar suka langaɓe, ba su sake tashi ba. A rana ta tara aya-aya ta dawo, sabon tsiro daga tsakiyar tsohon da ya ƙone. Ita kuma kusurwar, sau biyu ina watsa irin alayyafo, na farko bai fito ba sam, na biyu ya fito ya yi kwana uku ya narke. In rana ta buɗe sai ka ga saman ƙasar ya yi fari-fari ya daskare kamar ƙanzo. Abin haushin, a cikin wannan farin wurin ma aya-aya biyu sun ɓullo.

Maigida bai ce komai ba. Sai dai in zai fita masallaci ya leƙa ya ce, “Sannu da aiki, sarkin noma.”

To jama'a, ƙasar nan ta mutu ke nan ko akwai gyara? Khal ɗin ne ya kashe ta ko gishirin? Kuma ita aya-aya, akwai abin gida da ke kashe ta, ko bidiyon ƙarya ne tun asali?

Ɗan Fadama, Kura

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya mayar da alheri. Amma fa na yi dariya, ki yafe ni. Da gishiri da khal na kashe aya-aya, da mu 'yan Kadawa mun daɗe da ƙarar da gishirin kasuwar Singa.

Ki ɗauki fartanya ki tono guda ɗaya a hankali, kada ki fizga. Za ki ga ɗan ƙwallo baƙi a ƙasa kamar aya, da wani siririn zare ya fita daga jikinsa ya tafi ga wani ƙwallon, shi ma ya tafi ga wani, kamar carbi. Ganyen da kika ƙona gashi ne kawai, aski kika yi mata. Mu nan ko maganin kamfani mai bi har saiwa, sai an maimaita mata, wani lokaci kaka biyu, kafin ta yi sauƙi. Ni dai shawarata ki bar Turawa da ciyawarsu.

Gimbiyar Kicin

Anti ba ki haɗa daidai ba ne. Ni wata ta ce min ana ƙara jar kanwa a ciki, ko a zuba Hypo murfi biyu, shi ke sa ya yi ƙarfi ya shiga har ƙasa. Ban gwada ba dai tukuna, weekend nake so in yi wa bayan ɗakinmu.

Malamin Kimiyya, Gusau

Gimbiya, don girman Allah kada ki yi. Na bar abin da nake yi na shigo saboda maganarki. Hypo da khal in suka haɗu iskar kilorin suke fitarwa, irin wadda aka yi yaƙi da ita a Turai a 1915. A cikin famfon feshi ko bokiti, kina sunkuye a kai, shaƙa kaɗan ta isa ta sa ki tari da ƙunar ido da sarƙewar numfashi. Ba Hypo kaɗai ba, duk wani bilic haka yake, kuma ba khal kaɗai ba, har ruwan lemon tsami da maganin wankin masai mai asid. Ki faɗa wa wadda ta faɗa miki.

Kanwa kuwa ba za ta cutar da ke nan take ba, asarar kuɗi ce kawai. Me ya sa kike saka kanwa a miyar yakuwa? Don ta kashe tsami. To ƙarfin khal gaba ɗaya a tsaminsa yake. Kika zuba kanwa, zai yi kumfa fuuu ki ɗauka ƙarfi ya ƙaru, alhali kashe juna suka yi, sai ruwa mai gishiri-gishiri ya rage. Haka bekin soda, haka toka.

Maman 'Yan Biyu, ga abin da ya faru a lambunki. Khal na girki asid ne da ake kira asetik, kashi 5 cikin 100, sauran duk ruwa. In ya taɓa ganye yana fasa fatar ƙwayoyin ganyen, ruwan ciki ya tsiyaye, rana ta ƙarasa busarwa. Shi ya sa kika ga aiki kafin la'asar. Amma iyakarsa inda ya taɓa. Ba ya bin jijiya ya sauka ƙasa, kuma bai san bambancin alayyafo da ciyawa ba. Ɗigo-ɗigon nan iska ce ta kwashi feshin ta kai. Sabulun aikinsa kawai ya sa ruwan ya kwanta a kan ganye, kada ya gangare. Ganyen aya-aya kuwa siriri ne, a tsaye, mai santsi kamar an shafa masa kakin zuma, ko da sabulun ma kaɗan ke zama.

Khal bai kashe miki ƙasa ba. In ya shiga ƙasa ƙananan halittun cikinta suna cinye shi cikin 'yan kwanaki. Gishirin ne. Shi ba ya ruɓewa, ba ya tashi sama, yana nan inda kika zuba shi sai ruwa ya wanke shi ya yi ƙasa da shi. Kin san yadda in kika barbaɗa gishiri a yankakkiyar albasa ko kokwamba take fitar da ruwa? Haka yake yi wa saiwar ɗan tsiro, yana zuƙe ruwan jikinta, ta mutu da ƙishi a cikin danshi.

Tsohon Malamin Gona

'Yata, ƙasarki ba ta mutu ba, ki kwantar da hankalinki. Na ga fadamun da gishiri ya hau saboda ban-ruwa babu magudana, kadada-kadada, wancan shi ne tashin hankali. Naki kusurwa ɗaya ce, kuma kin yi sa'a damina ce.

Ki jira ranar da saman ya bushe farin ya fito, ki kankare kamar tsawon ɗan yatsa, ki kwashe a buhu ki kai bola, kada ki watsa a wani gefen lambun. Ki sassoka wurin da cebur mai yatsu ko ƙarfe don ruwa ya sami hanya, ki yi masa ɗan gefe kamar fangali yadda ruwan sama zai tsaya ya nutse maimakon ya gangara kan sauran shukarki. Ruwan Zariya a shekara yakan kai mita guda, galibinsa kuma tsakanin Yuli da Satumba yake sauka, ya isa ya wanke abin da gwangwani biyu suka bari. In ƙasar jigawa ce mai yashi, da wuri za ta sake. In mai laka ce za ta ɗan ja lokaci, domin gishiri yana sa laka ta toshe ta yi ƙanzon nan da kika gani. Ki zuba mata ruɓaɓɓen taki ki cakuɗa. Bayan sati uku ko huɗu ki gwada da ƙwayar wake biyar. In ya fito ya yi ganye lafiya, alama ce gishirin ya ragu, sai ki sake gwada alayyafo.

Yanzu aya-aya. Ɗan Fadama ya faɗi gaskiya. 'Yar gidan su aya ce da kajiji, kuma masana ciyayi sun daɗe suna sa ta a sahun farko na miyagun ciyayin duniya, don haka ba ke kaɗai ta kayar ba. Carbin nan da ya ambata, ƙwallon da ke baki shi ke tsira, sauran suna barci. Kika sare zaren da fartanya, kin tashe su duka. Shi ya sa mai nome ta sama-sama yake ganin kamar ƙaruwa take yi, kuma ƙaruwar take.

Abu biyu take tsoro: bushewa da inuwa. Ƙwallon in ya fito sarari rana ta gasa shi sati ɗaya zuwa biyu, ya mutu. Saboda haka babban yaƙin ba yanzu ba ne, sai Maris da Afrilu. Ki daina ban-ruwa, a kafce wurin da zurfin taki ɗaya, a bar shi a rana, bayan kwana goma a sake juyawa, a yi haka sau uku. Filinki ƙarami ne, in almajirinki ya dawo ku sa rariyar yashi irin ta magina ku tace ƙasar, ku tsince ƙwallayen ku ƙona. Kada su shiga ramin taki.

Kafin lokacin, ki hana ta ƙoshi. Duk tsiron da ya fito, abincin da ke cikin ƙwallon yake ci har sai ya yi ganye biyar ko shida, daga nan ya fara mayarwa yana haifar sababbi. In kina cire shi kafin ya kai haka, sati-sati, ƙwallon ramewa yake yi. Tsakanin kunya kuma ki shimfiɗa kwali mai kauri, ninki biyu, ki danne da ɓuntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa marar iri. Kada ki dogara da baƙar leda siririya, tsinin aya-aya yana huda ta kamar allura. Inda ta fi yawa ki sa dankalin Hausa ko kabewa su rufe wurin, ba ta yin ƙarfi a ƙarƙashin ganye.

Maganar maganin feshi, na fahimci tsoronki. In wata rana kuka yanke shawarar amfani da shi, ku sani iri biyu ne. Gilayfoset yana bin ganye ya sauka ƙasa, amma ba a fesa shi a tsakiyar kayan miya, sai an kwashe amfani. Parakwat kuwa aikinsa irin na khal ɗinki ne, ƙona sama kawai, ga shi guba ce da ba ta da makari, NAFDAC ma ta haramta shi. Kada ya shigo gidan da ke da yara.

Maman 'Yan Biyu, Zariya

Baba na gode, Allah ya ƙara girma. Malam na Gusau, Allah ya saka, wallahi da Hypo ya zo min a rai ranar da na zuba, domin yana nan a bayan ƙofa. Ɗan Fadama na yafe, ai ni ma yanzu dariyar nake. Na je na tono kamar yadda ka ce, ƙwallo bakwai na ciro a zare ɗaya kafin ya tsinke. Na fasa ɗaya da farce, cikinsa fari sol, har da ɗan ƙamshi. Ko alamar khal bai ji ba.

Sauran tambaya ɗaya: intalok ɗin fa? Can dai ya yi aiki, har yau nonon kurciyar ba ta dawo ba, tuji ne kawai ya sake tsirowa a bakin rariya. In ci gaba da yi a can?

Anti Hajiya, Amurka

Ƙanwata sannu. Ni a inda ake yin bidiyon nake zaune, bari in gaya miki abin da ba sa nunawa. Haɗin nan ya fi shekara goma yana yawo a nan, duk bazara sai ya dawo. Ciyawar da suke fesa wa galibi 'yan jarirai ne a tsagar siminti, masu faɗin ganye, saiwarsu ba ta kai tsawon ashana ba. Irin waɗannan khal na girki yana kashe su da gaske, kamar nonon kurciyarki. Masu binciken ma'aikatar gona ta ƙasar nan sun gwada a farkon shekarun 2000, abin da suka gani shi ne mai kashi 5 zuwa 10 yana kashe ciyawar da ba ta wuce sati biyu da fitowa ba, wadda ta girma sai mai ƙarfi. Amma mai bidiyo da yamma take ɗaukar hoto, ba ta dawowa bayan kwana tara.

A shagunan kayan lambu a nan ana sayar da khal na musamman mai kashi 20, har da 30. Wannan ba na salak ba ne. Na taɓa saye, ɗigo ɗaya ya faɗo min a bayan hannu ta saman safar, sai da wurin ya yi ja ya saɓule, warin kuma ya sa ni tari har maƙwabciyata ta leƙo. A jikin robar an rubuta yana iya lalata ido har abada. Kuma duk da haka ciyawar da ke da saiwa mai zurfi ta dawo min. Na faɗa ne don kada wani ya ce miki a nemo mai ƙarfi a wajen masu kemikal.

Intalok kam ki ci gaba, amma ki cire gishirin. Ruwan sama zai wanke shi ya bi gangare, in gangaren lambunki ya nufa kin koma gidan jiya, ga shi yana cin siminti a hankali. Khal da ɗigon sabulu sun isa, da hantsi, ranar da babu hadari babu iska. Ni ma yanzu na daina ɓata khal. Ruwan da na tace taliya ko na tafasa ƙwai, da zafinsa nake fita in tsiyaya a tsagar, ya fi khal shiga gindi. Tuji ma in kin maimaita masa sau biyu yana bari. Ki dai tabbatar 'yan biyu suna ɗaki kafin ki ratsa tsakar gida da tukunya.

Maman 'Yan Biyu, Zariya

Na dawo da rahoto bayan sati huɗu. Na kankare kusurwar, buhu ɗaya da rabi na kwashe, an yi ruwa mai ƙarfi sau shida tun lokacin, ina ƙirgawa. Wake biyar na Baba, huɗu sun fito, ɗaya kaza ta tone. Jiya na watsa alayyafo a karo na uku.

Kwali na samo wajen mai shagon bakin layi, na shimfiɗa tsakanin kuɓewa da yakuwa. Ɓuntu ban samu ba, sai na danne da ganyen darbejiya da nake sharewa. Aya-aya ba ta huda ba, amma tana lallaɓowa ta fito ta inda kwali biyu suka haɗu, fara tas kamar mai ciwo, in ja ta ta taho. Na sayi 'yar kujera ta tsuguno, kowace Juma'a bayan sallar asuba ina zama in bi fangali ɗaya-ɗaya da tsohuwar wuƙa, bayan bai cika damuna ba in a zaune nake. 'Yan biyu na biya su alawa ɗaya a kan kowane ƙwallo goma, sun tara 64 a gwangwanin tumatir, har sun fara rigima wai Hassan yana fasa nasa biyu don ya ƙaru.

Gimbiya ba ki dawo kin ce komai ba, don Allah ki leƙo mu san ba ki haɗa ba. Ragowar khal rabin roba na mayar kicin, da shi nake wanke latas. Baba, in Allah ya kai mu Maris zan sake neman ka a kan maganar rariyar, ban san ko mai ƙananan ido ake so ko ta tsakuwa ba.